In Ta Tsaya, Wa Zai Taɓa Ta?

Ɗana, ƙanwata mahaifiyarka ta aiko mini tun shekaranjiya cewa ka sayar da albasarka ta bana, ka haɗa da kuɗin ragon da ka turke, za ka sayi kyamara ka shiga sana'ar hoto. So take in hana ka. Ba zan hana ka ba, don ba ni da bakin hanawa. Da sana'ar nan na yi aure, da ita na rufa ɗakin da kake zuwa gaishe ni a ciki nan Lafani, kuma tsofaffin da suka ci kasuwar Illela ranar Lahadi a shekarun baya ba su manta da mai hoton da ke kafa labule mai zanen jirgin sama a jikin katanga ba. Mutum ya zo daga ƙauye da jakinsa, ya ɗaure shi gefe, ya ari agogo da tabarau, ya tsaya gaban jirgin yana ƙame wuya kamar yanzu ya sauka daga Jidda.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne zamanmu na daren jiya. Ka nuna mini kyamarar a waya, ka jero mini megafiksel ɗinta, ka ce tana ɗaukar bidiyo, tana bin idon mutum duk inda ya juya, tana gani cikin duhu kamar mussa. Duk na yarda. Tambaya ɗaya na yi maka: in ta tsaya, wa zai taɓa ta? Ka yi dariya ka ce, "Haba Kawu, ai sabuwa ce dal." Na ƙyale ka saboda abokanka na wurin, kuma ba a gyara wa saurayi zama a gaban tsaransa. Amma tambayar tana nan inda na ajiye ta.

Bari in fara da wadda ke kwance cikin adakata, ka sha ganinta kana yaro ina hana ka taɓawa. Pentax K1000 ce. A 1983 na saye ta a Sakkwato, hannun wani malamin makaranta ɗan Gana da korar baƙi ta wannan shekarar ta rutsa da shi, yana sayar da kayansa yana hawaye. Kamfanin ya fara ƙera irinta a 1976, bai daina ba sai 1997, shekara 21 ana sayar da abu guda. Batir ɗinta bai wuce maɓallin riga ba, kuma aikinsa ɗaya ne: motsa 'yar allurar da ke auna haske. Ya mutu, ka cire shi ka yar, kyamara ta ci gaba da ɗauka, idonka ya zama ma'auni. Duk sauran cikinta sifirin ne da haƙoran ƙarfe da labulen yadi, irin cikin agogo.

Wata Sallah ƙarama, ina bin hawa da gudu, doki ya buge ni, ta faɗi a kan tsakuwa. Hannun jan fim ya cije. Na kwana ban rintsa ba. Washegari na shiga motar Sakkwato, na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran agogo da ke zama a rumfa bakin kasuwa da gilashi ɗaya maƙale a ido. Bai taɓa zuwa Japan ba, boko ma bai yi ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance ta noti bayan noti yana jera su a murfin kwano bi da bi yadda ya ciro su. Ya ɗago kai ya ce, "Yaro, ga cutar nan." Wani ɗan ƙarfe ne ya lanƙwashe, bai kai tsinken sakace ba. Ya miƙe shi da hantsaki, ya goge tsohon maiko, ya ɗiga sabon mai da bakin allura, kafin la'asar na dawo da ita a wuya. Ka lura da abin da ya ce: ga cutar nan. Da idonsa ya gan ta. Kayan da, in sun yi ciwo suna nuna inda ke musu ciwo.

Kusan 2007 na bi ayari na sayi ta dijital, ƙarama, irin wadda idonta ke fitowa da kansa in an kunna ya koma in an kashe. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ban san ko laifinsa ne ko na ƙurarmu ba. Watanni na yi ina jin daɗinta, ba fim, ba jiran wanki, mutum ya ga fuskarsa nan take ya biya yana murmushi. Sai hunturu ya shigo. Wata safiya na kunna, idon ya fito rabi, ya yi ƙara kamar kaza ta haɗiyi tsakuwa, ya tsaya nan. Ƙwayar yashi guda ta isa, domin haƙoran da ke tura idon na roba ne, kuma injin da ke juya su bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na kai ta wurin dattijon nan, lokacin ya tsufa ƙwarai. Ya juya ta, ya nemi inda zai sa sukundireba, ya miƙo mini abata ya ce wannan ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba. Na aika Kano. Aka ce sai an canja idon gaba ɗaya, kuma kuɗin sabon ido da na mota ya kusa kuɗin wata kyamarar. Ta biyu, murfin batir ne ya karye, ɗan haƙori na roba da bai kai farce ba, na shekara ina ɗaure ta da robar tayar keke. Ta ukun ba abin da ya same ta. Lafiyarta lau har yau. Batir ɗinta ne ya kumbura, na nema har Legas aka ce an daina yin irinsa.

Kyamara uku cikin shekara bakwai, ga ta 1983 tana kallonsu daga adaka.

Yanzu kada ka ce tsoho ya fara yabon zamaninsa. Ina so ka gane dalili, don wanda ya san dalili ba a yi masa wayo a ciniki. In ka buɗe kyamarar yau, kwamfuta za ka tarar an liƙa mata gilashi. Akwai sensa, wato farantin da ke karɓar haske a madadin fim. Akwai fanel, wannan koren allo da ku da masu gyaran waya kuka fi ni sani, an dasa masa ƙwayoyi ƙanana da inji ne kaɗai ke iya dasa su. Akwai wayoyi sirara masu faɗi kamar ganyen kaba da ke haɗa wannan da wancan, ka ja da ƙarfi kaɗan su tsage. Wurare da dama an bar noti an koma gam da ƙugiyoyin roba, waɗanda aka yi don a rufe sau ɗaya. Idan wani abu ya ƙone a kan fanel, ba lanƙwasa, ba tsatsa, ba abin da ido zai kama. Shi ya sa amsar mai gyara ba ta wuce biyu: "fanel ne" ko "sensa ce", ma'ana a cire sashen duka a sa wani. A manyan kyamarori kuma, ko ka samu sashen ka sa, akwai gyaran da ba ya kammala sai an jona ta da kwamfuta an daidaita da manhajar kamfani, manhajar kuwa ba a sayar da ita a kasuwa.

Su kansu kamfanonin, abin da ya same su ba ƙarami ba ne. Wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, nauyinta ya haura kilo 3, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset. Abin da aka haifa a gidan Kodak shi ya ci gidan: a Janairun 2012 kamfanin ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi. Bayan haka wayar hannu ta zo ta yi wa kyamarar dijital abin da ita ta yi wa fim. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Konica Minolta ya bar harkar tun 2006 ya miƙa wa Sony sashen kyamararsa, Casio ya daina ƙananan kyamarori a 2018, Olympus mai tsohon suna ya sayar da nasa sashen a farkon 2021. Ka san yadda kasuwa take in ta fara watsewa: mai rumfa ba ya gyara rufinsa, abin da zai fita yau yake nema. Kamfanin da masu sayensa suka ragu haka, so yake wanda ya saya bara ya dawo baɗi. Sukan ajiye kayan gyaran samfuri na 'yan shekaru bayan sun daina ƙera shi, daga nan su rufe littafinsa, wasu har ranar rufewar suke wallafawa.

Kuma kada ka ɗauka mu na bakin iyaka kaɗai abin ya dama. A 2012 reshen Nikon na Amurka ya sanar da masu gyara masu zaman kansu cewa ya daina sayar musu da kayan gyara, a 2020 kuma ya kawo ƙarshen yarjejeniyarsa da shagunan da da can ya amince musu su yi gyara da sunansa. Bature da dalarsa a hannu, da gidan waya a ƙofar gidansa, sai ya naɗe kyamara ya aika wani gari ya zauna jira. Abin ya ishe su har suka tayar da gwagwarmayar neman 'yancin gyara. Faransa ta fara tilasta wa masu sayar da wasu kayan lantarki, irin su waya da talabijin da injin wanki, su manna makin sauƙin gyara a jikin kaya tun Janairun 2021, sai dai kyamara ba ta cikin jerin. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta fara aiki a Yulin 2024, wadda ta ce kayan lantarkin da kuɗinsu ya kai dala 100 dole kamfani ya samar da kayan gyaransu da littafin gyara har shekara 7. Madalla da su. Amma dokar Kalifoniya ba ta san hanyar Gwadabawa ba, balle ta ƙaraso Lafani.

Akwai wani abu da ya faru a 2005 da nake so ka riƙe. Kamfanoni da yawa, har da Sony da Canon da Nikon da Fujifilm, suka fito suka amsa cewa wata irin sensa da aka sa a kyamarorinsu masu yawa tana lalacewa, hoto ya fito da zane-zane ko ya yi baƙi ƙirin, kuma zafi da laima ne ke gaggauta lalacewar. Suka ce a kawo su gyara kyauta. To wa ya fi mu zafi? A watan Afrilu ma'aunin zafin Sakkwato yana haura 40 ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Amma wa ya zo Illela ya yi shela? Wanda tasa ta mutu a nan ya ɗauka sammu ne ko rashin sa'a, ya jefa ta ƙarƙashin gado. Kayan nan a ƙasashen sanyi ake zana su, a ɗakuna masu sanyi ake sayar da su, takardar garantin da ke cikin kwali kuma sau da yawa ƙasar da aka fara sayar da kyamarar kaɗai ta sani. In ta biyo ta Dubai ko Kwatano ta iso hannunka, takardar sai dai ka yi fifita da ita.

Gaskiya kuma ba ta da ƙafa ɗaya, bari in faɗi wadda ba ta yi mini daɗi. Kyamarar yau ta fi tawa gani nesa ba kusa ba. Hoton da ake ɗauka da ita a ɗakin amarya da hasken fitila ɗaya, ni ko a mafarki ban ɗauke shi ba. Manyan na ƙwararru ma an yi musu jiki na ƙarfe mara nauyi, an toshe kafofinsu da roba saboda ƙura da yayyafi, sun fi tawa jure ruwan sama. Ita K1000 ɗin da nake yabo, waɗanda aka ƙera a Sin a ƙarshen zamaninta an mayar da murfinsu na sama da na ƙasa roba, ka ga tsumulmular ba yau ta fara ba. Kuma ga babban abin: tawa ba ta mutu ba, amma abincinta ya ƙare. Kamfanin fim na Agfa ya durƙushe a 2005, Konica ya bi baya, ɗakunan wankin hoto na Sakkwato da muke aika wa fim a hannun direbobin tasha suka rufe ɗaya bayan ɗaya ko suka koma buga na dijital. Doki ne lafiyayye a garin da ba ciyawa. Saboda haka ban ce ka koma fim ba. Wanda ya ce maka haka bai taɓa ciyar da iyali da hoto ba.

Wani ɓangaren laifin ma a hannunku yake, ku 'yan yanzu. Fim ɗaya hoto 36 ne, kowane da kuɗinsa, sai mun gyara wa mutum hula mun ce ya daina ƙifta ido kafin mu danna. Ku kuwa kuna ɓarin hoto kamar mai shiƙar gero. Shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a duk ɗauka, yana da adadin da aka gwada shi a kai: ƙananan kyamarori wajen 100,000, manyan ƙwararru 300,000 zuwa sama. Yi lissafi da kanka. Biki ɗaya ka danna sau 1,000, biki biyu a mako, mako 50. Shekara guda ka cinye abin da ni ban cinye a rabin rayuwata ba. Sai ka ce kaya ba su da ƙarko.

To me za ka yi da kuɗin albasarka?

Ka tsaya a tashar Illela ka dubi baburan da ke tsallaka mutane zuwa Ƙonni. Me ya sa kusan duk iri ɗaya ne ko biyu? Ba don sun fi kowane babur kyau a duniya ba. Don in ya tsaya a Kalmalo ko a Araba, akwai yaron da ya san cikinsa, akwai mai shagon da ke da kayansa, akwai mataccen da za a ciro wa abu. Haka muka yi zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, kowane bakanike ya haddace ta kamar karatun allo. Da wannan idon za ka sayi kyamara. Ka zagaya masu ɗaukar biki na Sakkwato, ka ga wace iri ce ta fi yawa a wuyansu, ka sayi irinta ko da an yi mata ƙanne biyu a kasuwa. Irin da ta yi yawa, batir ɗinta na nan, cajarta na nan, gawarta na nan a shagon mai gyara a Kano ko Legas da za a ciro wa murfi ko allo. Wadda ka nuna mini jiya, ka ce kai ne za ka fara riƙe irinta a ƙaramar hukumar nan. Abin alfahari ne ranar farko. Ranar da ta tsaya, kai kaɗai ne mai irin ciwonka a asibitin da ba likita.

Da ni ne, da kuɗin sabuwa ɗaya zan sayi na hannu biyu iri ɗaya. Biki ba ya jiran mai hoto. Ɗaurin aure minti nawa ne? In ta ɗauke maka ana tsakiyar fatiha, ba wanda zai tara maka liman da waliyyai gobe, kuma a ƙauye sunan mai hoto sau ɗaya yake ɓaci. Sauran kuɗin ka zuba a gilashin gaba mai kyau, don jiki yana tsufa da sauri, gilashi kuwa yana ganin jikoki. Irin bakin kyamara da Nikon ya fito da shi a 1959 ya yi shekaru fiye da 50 ana ɗaura masa gilashi, tsofaffin gilasan Pentax irin nawa har yau suna hawa sababbin kyamarorin kamfanin masu madubi. Sai dai ka sani, yawancin gilasan zamani su ma an cusa musu inji da fanel, in ba wuta ko saita gani ba sa yi, don haka su ma ba a yi musu alkawarin tsufa irin na da ba.

Ta hannu kuwa ba a sayenta a waya, kamar yadda ba a sayen sa a hoto. Ka riƙe ta. Ka dubi kawunan noti, in sun sha sukundireba an taɓa shiga cikinta, ka tambayi dalili. Ka buɗe ramin batir ka haska tocila, in ka ga kore-kore ko fari-fari ta taɓa shan ruwa, ka mayar masa da abarsa ko da kyauta ya ba ka, domin tsatsar ruwa a hankali take cin fanel, sai ka biya ka kai gida sannan ta nuna hali. Ka sa a duba maka adadin ɗaukar da shota ya yi, samarin da suka iya kwamfuta suna fito da shi daga cikin hoto. Ka ƙanƙance ƙofar haske ka ɗauki farar takarda ko sararin sama, ka buɗe hoton da girma, duk datti da tabon sensa zai fito. Gilashin ma ka haska shi ta baya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, kuma tana cin fatar gilashi. Mai kaya in ya fara cewa sauri yake, ka bar shi ya yi saurinsa. Araha ba ta ado, gaggawa kuma ta fi ta tsada.

In ta zama taka, to kai ne mai gyaranta na farko, tunda na biyu yana da nisan fiye da kilomita 80, na ƙwarai kuma sai Kano ko Ikeja. Kada ka cire gilashi a fili lokacin hunturu. Irin marasa madubi da kuke so yanzu, da ka cire gilashi sensa ce tsirara tana kallon iska. Ka shiga ɗaki, ka kashe ta, ka kifa bakinta ƙasa, ka canja da sauri. Kada ka hura mata iskar bakinka, kada ka goge gilashi da bakin riga, na ga kuna yi, ƙurarmu yashi ce mai kaifi. Ɗan famfon iska na roba da ƙyalle mai laushi ba su kai kuɗin katin waya na mako ba. A babur, jakar a jikinka take, ba a ɗaure a kariya ba, don a cikin wasu sababbin nan sensa lilo take a kan maganaɗisu saboda ta hana hoto rawa, kuma hanyoyinmu ka san su. Kada ka bar ta a mota an rufe gilashi da rana, zafi yana kashe batir yana kuma saki gam. Da damina ka sa ta a bokitin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Caji kuma ka guji janareton da ke hawa yana sauka. Kowane aiki ka yi, ka cire wani abu ka jefa asusu da sunan kyamara, kamar yadda mai shanun huɗa ke ware kuɗin dusa da allura, don ranar tana zuwa ko ka so ko ka ƙi.

Na ce tana zuwa, kuma ba ta zaɓar lokacin da hanya ke buɗe. Sau uku ina ganin an rufe iyakar nan da idona: 1984 zuwa 1986, sannan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 kafin ɓangarenmu ya buɗe. Tsakanin farkon 2023 da farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Duk ɗan abin da ke cikin kyamararka da dala aka sayo shi. Murfin batir ɗin da ka raina yau, gobe kuɗinsa buhun gero ne, in ma an samu mai kawo shi.

Akwai wani mutumin Mali da nake so ka san sunansa, Malick Sidibé, mai hoton Bamako da ya rasu a 2016. Duniya ta san shi da hotunan samari da 'yan mata na shekarun samun 'yancin kai, har aka ba shi babbar lambar zinariya ta bikin fasaha na birnin Fenis a Italiya a 2007. Amma mutanen unguwarsu ta Bagadadji sun san shi da wani abu kuma: gyaran kyamara. Kantocin shagonsa cike suke da tsofaffin kyamarori jere, kuma lokacin da ɗakunan wankin hoto mai kala suka janye masa masu zuwa ɗauka, gyaran ya taimaka wajen riƙe shi. Na kawo shi ne don in ce maka wani abu da ban gaya wa mahaifiyarka ba. Masu ɗaukar hoto sun yi yawa, kowane mai waya mai hoto ne. Mai gyara ne babu. Daga nan har Tawa, daga nan har Sakkwato, kyamarori nawa ne ke kwance a ƙarƙashin gado saboda waya ɗaya siririya ta tsage ko ramin memori ya lanƙwashe? Ba duka ne "fanel" ba, wani lokaci mai gyaran ne bai san inda zai duba ba. Yaran da ke gyaran waya a ƙarƙashin lema a Illela suna da hannu, suna aikin dalma a kan abin da ni ko ganinsa ba na yi. Ka zauna da su. Ka sayi matattun kyamarori da arha ka riƙa buɗewa kana ɓatawa har hannunka ya faɗa. Akwai shafin iFixit a intanet da ke nuna yadda ake kwance na'urori daki-daki da hotuna, kyauta, abin da dattijon nan mai agogo bai samu ba. Ƙanwarka ma, da nake gani tana kwance rediyon gidanku tana mayarwa, kada ka raina ta. Cikin gida wurin kamu da sa lalle, inda kai ba ka isa ka shiga ba, ita za a kira, kuma a nan rabin kuɗin biki yake.

Abu ɗaya ya rage, shi ma daga adakar ya fito. Bara wata mata ta zo daga wajen Gada tana neman hoton mahaifinta da na ɗauka tun tana goye, gobara ta cinye nasu. Na yi kwana biyu ina ɗaga nagatif ina dubawa a hasken rana, na same shi, yana tsaye gaban jirgin nan da aron agogo. Aka kai birni aka fito mata da shi. Amma hotunan da na ɗauka da ta dijital ɗin farko, na zuba su a faifan CD na rubuta shekara a kai, yau rabinsu ba sa buɗuwa, memorin da ta yi amfani da shi kuma ko abin karanta irinsa ba na samu. Hoton mutane amana ce. Ka ajiye kowane aiki a wuri biyu, waɗanda suka fi daraja kuma ka buga su a takarda ka miƙa wa masu su a hannu.

Ka kira mutumin da zai kawo maka sabuwar kyamarar daga Kano, ka ce ya haɗo da na hannu guda biyu irin da na faɗa maka, a gani. Ran Lahadi ka biyo ta nan da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka zo da tocila da farar takarda, mu tafi tare, ni zan yi cinikin kai ka yi dubawa tunda idona ya rage. Zan buɗe adakar kafin mu fita, wannan karon na yarda ka taɓa, ka ja hannun ka danna ka ji ƙararta. Mahaifiyarka kuma ka gaya mata na yi maka faɗa sosai, don kada ta hana ni furar da ta saba aiko mini.